Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Tseren Kan Titi Da Kociyoyi Kan Gumi Da Ruwan Sha A Lokacin Zafi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin ƙungiyoyin guje-guje, da masu shirya gasar gudun fanfalaki da sauran tseren kan titi, da malamanmu kociyoyi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a madadin 'yan gudun da ba sa hawa dandamalin karɓar lambar yabo. Ina nufin ma'aikacin da ke tashi da asuba ya yi atisaye kafin ya wuce wurin aiki, da uwar da ta fara gudu bisa shawarar likita, da matashin da ya yi rajista karo na farko, da dattijon da ke isowa layin ƙarshe bayan an fara naɗe tutoci. Mu ne mafi yawa a kowace gasa, kuma mu ne muka fi kowa daɗewa a ƙarƙashin rana.

Mun san wahalar da kuke sha kafin a rufe titi ko na awa ɗaya, mun kuma san yawancin masu tsayawa a bakin hanya suna miƙa mana ruwa aikin sa-kai suke yi. Allah ya saka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zafi ya sake zagayowa, jadawalin gasanni ya fito, kuma abin da muka yi kuka da shi a baya yana nan yadda yake. An sake sa lokacin tashin tsere bayan rana ta ɗaga. Takardar gargaɗin da ake ba mu tare da lambar ƙirji kuwa har yanzu layi ɗaya ne rak a kan lafiya: a sha ruwa sosai. Wannan layin bai isa ya kare kowa ba, kuma akwai waɗanda bin sa ido rufe ya halaka.

Kukanmu na farko ke nan: ba a koya mana komai game da gumi.

Jikin mai gudu yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da yake ƙonawa zuwa zafi, kuma idan rana ta take, hanyar da ta rage masa ta fitar da wannan zafin ita ce gumi. Sai dai fitar gumin kaɗai ba ta sanyaya jiki. Sai ya bushe a kan fata, iska ta ɗauke shi, sannan yake tafiya da zafi, kamar yadda tulun ƙasa ke sanyaya ruwan cikinsa da ɗan tsatstsafon da ke bushewa a bayansa. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe tana kwashe zafin da ya kai kilokalori 580. Wanda ya ɗiga ƙasa ko ya taru a cikin takalmi asara ce zalla, ruwa ya fita, zafi bai fita ba. Shi ya sa ranar da iska ta cika da laima ta fi ranar busasshen zafi hatsari, ko da ma'aunin zafi ya nuna lamba ɗaya. A ranar busasshiyar iska kuma yaudarar daban ce, domin riga ba ta jiƙewa, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba alhali ruwan jikinsa na tafiya.

Yawan gumin nan ya bambanta daga mutum zuwa mutum fiye da yadda ake zato. Yawancin 'yan gudu suna zubar da tsakanin rabin lita zuwa lita biyu a awa guda. Akwai waɗanda suka wuce haka nesa: lokacin da masana suka auna ɗan gudun Amurka Alberto Salazar a tseren fanfalaki na gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, sun tarar yana fitar da lita 3.7 a awa. To, ranku ya daɗe, ta yaya shawara ɗaya za ta dace da irin wannan mutum da kuma 'yar ƙaramar mace mai kilo 50 da ke tafiya a hankali? Gishirin da ke bin gumin ma haka yake. Wani idan rigarsa ta bushe sai ka ga farin zane a kafaɗa da gefen hula, wani kuwa babu ko alama.

Sanin adadin gumin mutum bai buƙatar asibiti. Sikeli kawai yake buƙata. Mutum ya yi fitsari, ya hau sikeli babu kaya masu nauyi, ya yi gudun awa ɗaya a irin yanayin da zai yi gasa, ya lura da abin da ya sha a hanya, ya dawo ya cire jiƙaƙƙun kaya, ya goge jiki, ya sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Idan ya fita da kilo 70 ya dawo da 68.8, kuma ya sha rabin lita a hanya, to guminsa lita 1.7 ne a awa. Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2007, ta ba da shawarar kada raguwar ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70. Daga nan ne jini ke fara raguwa, zuciya ta ƙara bugu don ta cike giɓin, zafin ciki ya hau, ƙafa ta yi nauyi, tunani ya fara daburcewa. Gaskiya ne wasu gwanaye suna wuce wannan iyaka su kuma yi nasara. An auna Haile Gebrselassie na Habasha a gasar Dubai ta 2009 da ya lashe, aka ga ya rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. Amma shi cikin awa biyu da 'yan mintoci ya gama, da jikin da ya shafe shekaru yana sabawa, kuma da masu kula da shi suna jira. Mu da muke shafe awa huɗu zuwa shida a kan kwalta ba ma cikin wannan lissafin.

Na shafe shekaru ina shiga gasanni, ban taɓa ganin sikeli a wurin karɓar lamba ko a tantin likitoci ba, ban kuma taɓa jin mai riƙe da lasifika ya yi wannan bayanin na minti biyu ba. Ana samun lokacin jawabin baƙi da na masu ɗaukar nauyi.

Kukanmu na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba, wato ruwa na iya yin yawa. Wanda aka tsorata da ƙishirwa, aka ce masa ya sha a kowane teburi ko yana so ko ba ya so, zai iya shan abin da ya zarce guminsa. Idan haka ta faru sai gishirin jininsa ya tsinke. A ƙa'ida sinadarin sodiyam a jini yana tsakanin 135 zuwa 145 ne a ma'aunin likitoci. Idan ya faɗi ƙasa sosai, ruwa na kutsawa cikin ƙwayoyin jiki, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kai inda babu wurin faɗaɗa. A gasar Bostan ta 2002 an ɗebi jinin 'yan gudu 488 a layin ƙarshe, aka buga sakamakon a 2005, kuma kashi 13 cikin ɗari nasu gishirin jininsu ya yi ƙasa da ƙa'ida. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne waɗanda nauyinsu ya ƙaru a lokacin tseren da waɗanda suka wuce awa huɗu a hanya. Mu ke nan. A wannan gasar ce wata mata mai shekara 28 ta rasu saboda wannan matsala, haka ma wani matashi mai shekara 22 bayan ya kammala gasar Landan ta 2007.

Abin tsoro a nan shi ne alamun sun yi kama da na ƙarancin ruwa: ciwon kai, tashin zuciya, amai, jiri, ruɗewa. Mai aikin sa-kai da ba a horar ba zai ga mutum a haka, tausayi ya kama shi, ya ɗura masa ƙarin ruwa. Wanda aka koya wa zai duba ko yatsu sun kumbura, ko agogo ya matse hannu, ko ciki ya cika yana motsi da ruwa, ya tambayi nawa aka sha, ya ɗora mutum a sikeli. Wanda ya gama tsere nauyinsa ya fi na lokacin da ya fara, ba ruwa yake buƙata ba. Ko ruwan 'yan wasa mai ɗan gishiri da sukari ba ya hana wannan idan an sha fiye da kima, domin gishirin cikinsa bai kai na jini ba.

Na uku, teburan ruwa na bushewa kafin na baya su iso. Wannan kam mun gani da idonmu. A wata gasa da na shiga, wadda ba zan ambaci sunanta ba, mun iso teburin da ke bayan rabin hanya muka tarar da kofuna a warwatse a ƙasa, jarkoki a kife, yaran da ke rabon suna tsaye suna ba mu haƙuri. Wani bawan Allah da ke gabana, mai furfura a gemu, ya tsuguna yana ɗaga kofunan da wasu suka yar yana duba ko akwai saura. Da ya miƙe sai na ga leɓɓansa sun yi fari sun tsage, gishiri ya bushe a gefen idonsa. Na raba masa abin da ya rage a gorata, muka ci gaba da tafiya da ƙafa, amma bai kai teburi na gaba ba sai da ya zauna a gefen titi, kuma babu wani jami'i a kusa da za a kira. Wannan mutumin ya biya kuɗin rajista daidai da wanda ya zo na ɗaya.

Ba ƙananan gasanni kaɗai abin ke samu ba. A watan Oktoban 2007 zafi ya kai digiri 31 a ranar gasar Shikago, 'yan gudu da yawa suka yi kukan sun tarar da teburan ruwa babu komai, aka kwashi mutane da dama zuwa asibiti, daga ƙarshe aka dakatar da tseren tun dubbai na kan hanya. Dalilin a bayyane yake. A ranar zafi na gaba ba kofi ɗaya suke ɗauka ba, suna sha, suna kuma kwarawa a ka. Idan mutum dubu ne, kowa ya sha kofi biyu na mililita 200 ya zuba ɗaya a jiki, lita 600 ke nan a teburi ɗaya tak. Wanda ya yi odar ruwa da lissafin ranar sanyi ya riga ya yanke wa na baya hukunci tun daga ofis. Dokokin hukumar wasannin guje-guje ta duniya sun ce a samar da ruwa a wurin tashi da wurin ƙarewa da kuma kusan kowace kilomita biyar, kuma an yarda a ƙara wuraren sha da na soson jiƙa jiki idan yanayi ya buƙata. Kilomita biyar ga gwani minti goma sha biyar ne. Ga wanda zafi ya mayar da shi tafiyar ƙafa, kusan awa guda ce.

Tarihin wannan wasa ya riga ya gwada hana ruwa ya ga sakamako. A tseren fanfalaki na gasar Olamfik ta 1904 a St. Louis ta Amurka, masu shiryawa sun taƙaita ruwa da gangan a rana mai tsananin zafi da ƙura, mutum 32 suka tashi, 14 kawai suka ƙarasa. Su dai za a ce ilimin bai kai gare su ba a lokacin. Yau ya kai gare mu.

Na huɗu, lokacin tashi. Nan ne zuciyata ta fi ɓaci, domin gyaransa ba ya cin ko sisi. Mun sha tsayawa a layi tun duku-duku, iska na da ɗan sanyi, jiki a shirye, sai a ce a jira babban baƙon da zai ɗaga tuta. A jira awa ɗaya, wani lokaci fiye. Kowane minti da aka ɓata da safe, na baya ne za su biya shi da tsakar rana, lokacin da kwalta ta ɗauki zafi tana mayar da shi ta ƙasan takalmi. A gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta 2019 a Doha, tseren fanfalaki na mata an fara shi ne dab da tsakar dare don gudun rana, duk da haka zafi ya haura digiri 30 ga laima sama da kashi 70 cikin ɗari, kuma cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su ƙarasa ba. Waɗannan fa zaɓaɓɓun duniya ne. Bayan wannan ne aka ɗauke tseren fanfalaki na Olamfik daga Tokyo aka mayar Sapporo da ke arewacin Japan, sannan da aka ga zafi ya bi su can a 2021, aka matso da tseren mata zuwa ƙarfe shida na safe, dare ɗaya kafin ranar. Idan gasa mai girman Olamfik za ta iya sauya gari da lokaci saboda zafi, ban ga dalilin da zai sa wata gasa ta ce jadawalinta ba ya taɓuwa ba.

Kuma ba da ido ake yanke wannan hukunci ba. Akwai na'urar da ke haɗa zafin iska da laima da ƙarfin hasken rana da motsin iska ta ba da lamba ɗaya, wadda ake kira WBGT. Likitocin wasanni sun daɗe da ba da shawarar cewa idan lambar ta haura 28, a ɗage tseren dogon zango ko a soke shi. Manyan gasanni suna amfani da tutoci masu launi a kan hanya, kore zuwa rawaya zuwa ja zuwa baƙi, don ɗan gudu ya san halin da ake ciki ya rage sauri. Mu dai ba mu taɓa sanin wane ma'auni kuke bi ba, ko wa ke da ikon cewa a tsaya.

Na biyar, kuma shi ne na rai da mutuwa: abin da ake yi wa wanda ya faɗi. Bugun zafi shi ne lokacin da zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Mutum ya riƙa tangaɗi, ko sambatu, ko faɗa da masu taimakonsa, ko ya sume. Mutane da yawa sun ɗauka sai gumi ya ɗauke sannan abin ya zama bugun zafi, alhali ɗan gudu yakan faɗi jikinsa sharkaf. Yana kuma iya kama wanda ya sha ruwa daidai, idan saurinsa ya fi ƙarfin abin da jikinsa zai iya fitarwa. Maganinsa sananne ne: a tsoma shi cikin baho mai ruwan ƙanƙara har wuya nan take, a sauke zafinsa ƙasa da digiri 39 cikin minti talatin, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti. Sanyayawa ce farko, mota daga baya. A tseren Falmouth da ake yi a jihar Massachusetts ta Amurka cikin watan Agusta, an bi bayanan shekaru 18, aka samu mutum 274 da bugun zafi ya kama, aka tsoma su a ruwan sanyi a wurin, kuma babu ko ɗaya da ya rasu. Idan aka yi jinkiri kuwa, hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa ne ke tafiya.

Abin da muke gani a tantunanmu gado ne da ledar ƙarin ruwa da man shafawa na ciwon jijiya. Babu baho, babu ƙanƙara, ma'aunin zafin kuma na goshi ne ko na hammata, wanda ba ya faɗin gaskiya a jikin da ya jiƙe da gumi. Likitocin wasanni sun ce ta dubura ake samun sahihin zafin ciki a irin wannan hali, don haka tanti na buƙatar labule da ma'aikata maza da mata. Motar asibiti kuma sau da yawa tana ajiye ne a layin ƙarshe, inda kyamarori suke. Duniya ta ga abin da ya samu Callum Hawkins na Sikotland a gasar ƙasashen Kwamanwel ta 2018 a Ostireliya. Yana kan gaba, saura kusan kilomita biyu, zafi ya kayar da shi, ya kwanta a gefen titi na tsawon mintoci kafin masu agaji su iso. Idan na ɗaya zai jira haka a gaban talabijin, ku yi tunanin na ɗari tara.

Malamanmu kociyoyi, ku ma akwai maganarku, kuma da ladabi nake faɗa. Har yanzu akwai masu hana yara ruwa a wurin atisaye da sunan koya musu juriya, ko a mayar da ruwa lada ga wanda ya gama zagaye. Jiki ba ya sabawa da rashin ruwa. Abin da yake sabawa da shi zafi ne, kuma wannan yana ɗaukar kwana goma zuwa sha huɗu na atisaye a hankali, ana ƙara tsawo da ƙarfi kaɗan-kaɗan. A cikin kwanakin ne ruwan jini ke ƙaruwa, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin cikinsa ya ragu. Ku lura da kyau, wanda ya saba da zafi guminsa ƙaruwa yake yi, don haka buƙatarsa ta ruwa ma ƙaruwa take. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya yi duk atisayensa da sanyin asuba ba zai tashi rana ɗaya ya yi tseren hantsi lafiya ba.

Akwai kuma masu sa rigar leda ko kaya masu kauri su fita gudu don su rage ƙiba, wasu ma da izinin koci. Abin da sikeli ke nuna musu ya ragu ruwa ne, zai dawo da sun sha, kitsen yana nan. Abin da suka yi kawai shi ne toshe wa jiki hanyar fitar da zafi. Sai waɗanda ke haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac kafin tsere, waɗanda ke ƙara wa ƙoda nauyi a daidai lokacin da jini ya ragu mata. Da wanda ya kwana da zazzaɓi ko gudawa ya zo layi saboda yana jin kunyar ya ce wa koci ba zai iya ba. Kalmarku ta fi ta kowane likita nauyi a kunnen yaranku. Idan kuka ce a zauna, za a zauna. Ku koya musu su duba fitsarinsu da safe: ruwan ɗorawa mai haske alama ce ta lafiya, mai duhu na nuna ƙarancin ruwa, wanda ya koma kalar jini-jini ko baƙi-baƙi bayan dogon gudu kuwa na asibiti ne a ranar, domin yana iya zama naman jiki ne ke narkewa yana toshe ƙoda.

Ga abin da muke roƙo.

Ku mayar da lokacin tashi zuwa fitowar alfijir a duk watannin zafi, kuma idan lokaci ya yi a busa, ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Ana iya karrama shi a wurin raba kyaututtuka. Ku samo na'urar auna yanayi, ku rubuta a takardar rajista lambar da idan aka kai za a rage nisa da wadda za a soke, ku kuma damƙa wannan hukunci a hannun babban likitan gasa, ba tare da sai ya nemi izinin masu ɗaukar nauyi ba. Wanda aka soke wa tsere a ɗaga masa rajistarsa zuwa wani lokaci, don kada tsoron asara ya sa mutane su matsa a yi.

Ku lissafa ruwa da adadin waɗanda suka yi rajista gaba ɗaya, da lissafin ranar zafi, ku rage tazarar tebura a rabin hanya na biyu, ku ware ruwan jiƙa jiki daban da na sha. Kada a naɗe kowane teburi sai motar da ke bin mutum na ƙarshe ta wuce shi. Ku bar mu mu ɗauki gorunanmu, ku ba mu wurin sake cikawa.

Ku cire layin nan na "a sha ruwa sosai". A madadinsa ku ba kowane mai rajista shafi ɗaya, a harshen da yake karantawa, tun makonni kafin ranar: yadda zai auna guminsa, cewa ya zo wurin tashi ba da ƙishi ba, ya sha gwargwadon ƙishinsa da abin da awonsa ya nuna, kada ya sha har nauyinsa ya ƙaru, ya haɗa da abin sha mai gishiri idan gudun zai wuce awa biyu ko guminsa mai gishiri ne, sannan bayan ya gama ya mayar da kusan lita ɗaya da rabi a kan kowane kilo da ya rasa, a hankali cikin sa'o'i. A bayan lambar ƙirji a bar wurin rubuta nauyin mutum na safiyar ranar, da cutar da yake fama da ita, da magungunan da yake sha, da lambar wanda za a kira. Likitan da ya karɓi wanda ya sume zai gode muku.

A kowane tantin likitoci a sa baho da ƙanƙara mai yawa da sikeli da ma'aunin zafin ciki, a babban tanti kuma a sa na'urar auna gishirin jini. A rarraba masu agaji a kan babura ko kekuna a kashi na ƙarshe na hanya, inda aka fi faɗuwa. Masu aikin sa-kai a ba su horon awa ɗaya kafin ranar, su san cewa mai tangaɗi ko sambatu ba a ce masa ya daure saura kaɗan, ana tsayar da shi ne a kira likita.

Ƙungiyoyi kuma su sa ilimin zafi da gumi cikin sharuɗɗan ba koci takardar shaida, su kuma hana ba da izinin gasa ga duk wanda bai nuna tsarinsa na ruwa da na sanyaya jiki a rubuce ba. Bayan kowace gasa a fitar da adadin waɗanda aka duba a tanti da waɗanda aka kai asibiti da dalili, don a san inda za a gyara a shekara mai zuwa.

Mu ma a shirye muke mu ɗauki namu kason. A cikinmu akwai ma'aikatan jinya da malaman makaranta da masu motocin ɗaukar kaya, kuma da yawa za su yarda su bar gudun wata gasa su tsaya a teburin ruwa ko su yi jigilar ƙanƙara idan aka neme su. Muna roƙon ku kira zama da wakilan ƙananan ƙungiyoyin gudu kafin gasa ta gaba, ku kuma sanar da mu a rubuce waɗanne daga cikin buƙatun nan za ku fara aiwatarwa a wannan kakar.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taimake ku a kan wannan aiki.

Wassalam.

Naku,
Ɗaya daga cikin 'yan gudun sahun baya